Tulun da Ban Toshe Ba

Ranar sadakar ukun Kawu, falonsa da ke bayan titin Huanshi a Guangzhou ya cika har matakala. 'Yan Kano sun zauna a kan darduma, 'yan Maraɗi da Yamai sun jingina da bango, mu mata muna kai da komo tsakanin kicin da ɗakin ciki. Kowa da abin da yake tunawa. Wani ya ce Kawu ne ya tare shi a filin jirgi zuwansa na farko, lokacin ko gaisuwar "nihao" bai iya ba. Wani dattijo ɗan Maraɗi ya yi ta share hawaye da bakin rawaninsa yana cewa, "Wa zai riƙa yi mana faɗa yanzu?" Limamin da ke ja mana sallah yana ta addu'a.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Ya haura shekara ashirin a Guangzhou yana haɗa wa 'yan kasuwa kaya a kwantena daga wani ɗan ofis a ginin Tianxiu. Ni mayafai da jakunkuna nake saye ina turawa gida, kuma shi ya kawo ni. Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata.

Da la'asar ta yi, maƙwabcin ofishinsa ya tashi neman buta. Ya buɗe ƙofar barandar baya, ya tsaya cak. Ina kicin ina ganinsa. Bai ɗauki butar ba, ya dawo ya yafito mutum biyu, suka leƙa tare. Tuluna uku ne a can, bakinsu a ɗaure da ƙyalle, kuma warin da ya biyo iska ya shigo falon ba wanda zai ce bai gane shi ba. Hira ta mutu. Na ji wani ya ce a hankali, "Inna lillahi. Alhaji kuwa?"

Na san abin da ke cikin tulunan. A duk falon ni kaɗai na sani. Amma ni da ake cewa bakina ya fi ƙarfin 'yan kastam, ranar na tsaya da faranti a hannu ban iya furta ko kalma ɗaya ba. Kafin magariba maganar ta isa Kano: wai an tarar da giya a gidan Alhaji.

Dalilin wannan rubutu ke nan. Ba na so Kawu ya tafi da wannan suna.

A gidan kakanmu na cikin birnin Kano akwai inabi a kan rumfar tsakar gida, ƙananan 'ya'ya baƙaƙe masu tsami. Kawu yana nan China aka raba gado, aka kawo magina, suka sare shi don su zuba siminti. Ba wanda ya tuna ya ɗauki ko reshe ɗaya. Na sha ganin an riƙe wa Kawu kwantena a tashar jiragen ruwa ya yi dariya ya ce Allah ya kyauta, amma in aka tabo maganar inabin nan sai ransa ya ɓaci kamar jiya aka yi. "Mutum goma sha ɗaya a gida," in ji shi, "an rasa mai hankalin da zai karyi reshe ya soka a tukunya."

Wata rana ya je duba wata masana'antar takalman roba a arewacin Guangzhou, can wajen duwatsu, tafiyar awa biyu a bas. A hanyar dawowa ya hangi wani tsoho ɗan China a gona, 'ya'yansa suna tuge tsofaffin gindin inabi don su dasa irin manyan korayen nan marasa ƙwallo da kanti ke so. Kawu ya tsaya, ya roƙi ƙwara ɗaya ya sa a baki. Ya gaya mini cewa sai da ya nemi wuri ya zauna. "Ba namu ba ne, Uwata, amma ɗan'uwansa ne." Gindi goma sha huɗu suka rage a layin ƙarshe, kuma tsohon ya nuna masa da hannu cewa duk yankin babu sauran mai irinsa. Kawu bai bar gonar ba sai da ya kama hayar layin.

Tun daga nan Lahadinsa ta zama ta gona. Shi da tsohon kowa yana kiran ɗan'uwansa "laoban", wato maigida, kuma kusan iyakar hirarsu ke nan, sauran duk da hannu ake yi. Ƙasar nan ruwa ya yi mata yawa, inabi kuwa ba ya son jiƙa, sai suka yi wa layin rumfar leda. Kawu ba ya yarda a fesa magani. Kowane nono na inabi sai ya sa masa jakar takarda ya ɗaure, da wannan ƙaton hannun nasa. In sanyi ya zo ganye ya zube sai ya datse rassa, yana kiran aikin aski, yana yi yana yi musu magana: "Kai ka cika son yawo, dawo nan." Na taɓa ce masa, "Kawu, mutane na zuwa China neman arziki, kai ka zo renon abin da ko tsuntsu sai ya yamutsa fuska." Ya ce, "To ai shi ya sa. Mai zaƙin yana da masu tsaron sa."

Tsamin ya yi yawa a ci haka, sai yake yin khal da shi, wato binega, ruwan tsamin da ake zubawa a abinci. Duk azumi yakan raba kwalabe a Tianxiu. Mutanen da suka cika falon nan babu wanda bai zuba shi a salak ko a kan gasasshen nama ba, har ana yi masa waya tun Sha'aban a ce kar a manta da nasu. Ba wanda ya taɓa tambayar yadda ake yi, don tulunan a bukkar gona suke zama.

Ni ma ban sani ba sai shekara ta biyu da zuwana. Na raka shi aka matse inabin da hannu aka zuba a tuluna. Bayan mako biyu muka koma, ina shiga bukkar na yi baya da sauri.

"Kawu! Wannan ai giya ce."

"Yau kam ita ce," ya ce, ko a jikinsa. "Shi ya sa ba na taɓa ta."

Na yi ta masifa. Na ce dattijo kamarsa, mai sahun gaba, me ya kai shi. Na ce in mahaifiyata ta ji sai hawan jininta ya tashi. Ya bar ni na gama, sannan ya ce kafin ya fara sai da ya tambayi malamai biyu a gida. Duk khal ɗin duniya ta wannan hanya yake bi. Niyyarsa khal ce tun daga matsa, kuma in abin ya juya da kansa ya zama mai tsarki. Don haka ba ya zuba komai a ciki, ba yis, ba suga, ba ko ɗigon tsohon khal. Ba ya ɗanɗanawa, ba ya motsawa, jira kawai yake yi har warin ya sauya. Na ɗauko wani murfi zan kifa a kan tulu ɗaya don in samu in yi numfashi, ya riƙe hannuna. "Kar ki toshe mata baki, Uwata. Ƙyalle ya ishe ta." Na ɗauka maganar ƙuda yake yi. Muka dawo a bas ban yi masa magana ba, kuma sai da na yi sati ina gaishe shi a tsaye.

Shekarar da mahaifiyata ta rasu ban samu jirgi ba sai da aka binne ta. Yayarsa ce, shi ma rashin nasa ne, amma bai zauna yana yi mini wa'azi ba. Ya zo ya ce in sa takalmi mai rufi. Ya kai ni gona, lokacin aski ne, ya ba ni almakashi ya nuna mini gindi ɗaya ya tafi can ƙarshen layi. Na yini ina yanka ina kuka. Na yi wa gindin nan ƙwal, shekarar ko ƙwara bai yi ba. Kawu bai taɓa ambata ba. A wajen tsohon na gane, da ya nuna gindin ya nuna ni ya kama ciki yana dariya.

Bara, mako guda bayan matsa, guguwar teku ta zo ta yaye rufin bukkar. Kawu ya ɗauki hayar mota ya kwaso tulunan ya kawo gida. Hawa huɗu ne, babu lif, kuma da kansa ya hau da su ɗaya bayan ɗaya don kar wani ya girgiza su. Bayan kwana uku ƙirjinsa ya riƙe. Muka kai shi asibiti da safe, kafin azahar Allah ya karɓi abinsa.

Washegarin sadakar uku babban ɗansa ya kira ni daga Kano. Taubashina ne, tun muna yara ba ya kirana sai "'yar mace", ni ma ba na raga masa. Ranar babu wasa a muryarsa.

"Gaskiya ne abin da nake ji?"

Na yi masa bayani. Ya ce, "Ki zubar." Na ce in na zubar yanzu na tabbatar da maganarsu, don abin da suka shaƙa shi ne zai zauna a hancinsu har abada. Na roƙe shi ya ba ni zuwa arba'in, tunda a lissafin Kawu wajen nan ne yake juyawa. Ya ce, "Zan zo arba'in ɗin. In na tarar da giya a gidan ubana, da hannuna zan zubar, in je gonar in sa a tuge su duka. Ba za a riƙa nuna mu a kasuwar Kwari ba."

Da yammacin ranar na yi abin da har yanzu nake nadamarsa. Mutane na ci gaba da zuwa gaisuwa, kuma duk wanda ya shigo sai in ga hancinsa na motsi. Kunya ta ishe ni. Na kwance ƙyallayen, na samo leda mai kauri irin ta ɗaure kaya, na naɗe bakin tulu da salatif har sai da ko iska ba za ta wuce ba. Na yi wa na farko, na yi wa na biyu. Na ukun bakinsa a gantsare yake, duk ledar da na ja sai ta yage, har salatif ɗin ya ƙare. Na yi tsaki na mayar masa da ƙyallensa, wani tsohon rawanin Kawu ne, na tura shi lungu bayan injin wanki na jibga kwalaye a gabansa. Warin ya ragu a falo, na ce a raina na yi dabara.

Na tare a gidan ina gadi. Kullum da safe sai in leƙa baranda in ƙirga kwanaki a yatsa. A Tianxiu gaisuwa ta gajarce. Wata Hajiya da muke sayen jakunkuna tare ta kama hannuna a lif ta ce, "Ki yi haƙuri, kowa da nasa ɓoyayyen." Da na buɗe baki da na zage ta, don haka na sauka a hawan da ba nawa ba. Matar Kawu tana takaba a Kano, ta kira ni tana kuka, ta ce masu zuwa gaisuwa in sun zo kan sunansa sai su rage murya. "Ke kika zauna da shi a can. Ki gaya mini gaskiya, ko mene ne zan iya ɗauka." Na rantse mata. Da na ajiye wayar sai na ji tsoro ya kama ni, don ni kaina ban taɓa ganin juyawar da idona ba, faɗar Kawu ce kawai na riƙe. Abinci ya daina shiga. In na yi sallah sai in rasa raka'a nawa na yi.

Saura kwana goma sha biyar arba'in, aka ƙwanƙwasa ƙofa da hantsi. Tsohon mai gona ne, da hular kaba a hannu da wata takarda da Kawu ya taɓa rubuta masa adireshi. Ya ga Lahadi uku shiru, ya biyo sawu. Ya ce, "Laoban?" Na ce, "Meyo." Babu. Ya daɗe a tsaye yana kallon takalman Kawu da ke bakin ƙofa. Sannan ya zana tulu da hannuwansa a iska, na kai shi baranda.

Yana ganin ledar, wadda ta kumbura ta yi tsiri, ya saki hular ya kwatsa ihu. "Meyo! Meyo!" Ya sa farce ya yayyage ta. Warin da ya fito ya ninka na ranar sadaka. Ya nuna tulun, ya nuna hancinsa, ya ja numfashi ya sauke, ya sake ja ya sauke, sannan ya kama wuyansa kamar mai shaƙe kansa. Ban buƙaci tafinta ba. Iska ce ke juyar da shi. Maganar Kawu ta bukka ta dawo mini, na zauna a ƙasa daɓas. Kwana ashirin da ɗaya ina tsare da giya da hannuna, ina hana ta zama abin da zai wanke shi.

Muka ɗaure su da ƙyalle. Na nuna wa tsohon kalanda, na ɗora yatsa a kan ranar arba'in. Ya duba, ya ɗaga kafaɗa. Saboda ruɗewa ko tulu na uku ban nuna masa ba, na riga na cire rai da shi tunda a ganina shi ne wanda ban kula da shi ba.

Ba zan ɓoye ba, saura kwana huɗu na sauka kantin ƙasa na sayi khal na kwalba har guda shida. Na hau da su, na tsaya a kan tulunan. In na juye, warin zai rufe, wa zai sani? Na buɗe kwalba ɗaya. Sai na tuna mutumin da ya yi shekaru bai ɗiga ko na bara a ciki ba don kar a ce da hannunsa a juyawar. In na zuba, ƙarya zan yi a madadin wanda bai yi ƙarya ba. Na rufe kwalbar na kai wa maƙwabciya duka shidan, tana ta ce mini "shie-shie", wato na gode, tana mamaki.

Ranar arba'in falon ya sake cika, har ya fi na farko, kuma na san ba duka addu'a ce ta kawo su ba. Taubashina ya iso da safe, ya rame, ya gaishe ni kamar baƙuwa. Bayan an shafa fatiha ya miƙe ya ce, "Malam, a gaban kowa aka fara maganar nan, a gaban kowa nake so a gama ta." Liman ya tashi, maƙwabcin ofis na biye, aka buɗe baranda.

Liman ya ɗaga ƙyallen tulu na farko, ya sunkuya, ya ɗago da sauri. Akwai ɗan tsami a ciki, amma ɗayan warin ne ya rinjaya. Na biyu ma haka. Taubashina ya fara naɗe hannun riga.

"Ni ce," na ce, muryata har falo. "Ni na toshe su da leda don kunyar hancinku. Kawu ƙyalle ya sa musu. Ya taɓa hana ni, ban gane ba. In akwai wanda ya ajiye giya a gidan nan, ni ce, ba shi ba."

Maƙwabcin ofis ya ce, "Hajiya, ai uku na gani ranar."

Na ture kwalayen na jawo shi daga bayan injin wanki, ba don ina sa rai ba. Rawanin ya yi ƙura. Na kwance shi. Wani kaifin tsami ya daki idona har hawaye ya fito. A saman ruwan akwai wata fata mai kauri tana lilo, irin wadda na sha gani Kawu yana kwashewa kafin ya tace. Liman ya shaƙa sau biyu, ya ce a kawo cokali. Ya yi bismilla ya kai baki. Fuskarsa ta tattare, ya yi tari, ya ce, "Wannan khal ne." Ya miƙa wa maƙwabcin ofis. Shi ma ya ɗanɗana, sai ga hawaye. "Wallahi shi ne na azumi," ya ce. "Shekara nawa ina ci. Alhaji, ka yafe ni."

Liman ya ce sauran biyun a bar su da ƙyallensu kar wanda ya taɓa, su ma suna hanya. Taubashina ya sunkuya. Ya ɗauki rawanin daga ƙasa ya kakkaɓe, ya riƙe shi a fuskarsa ya daɗe. Da ya sauke, idonsa jawur, ya dube ni ya ce, "'Yar mace, an ba ki gadi sai kika shaƙe su? Dama na san ba a ba ku amana." Na fashe da kuka ina dariya. Ya ce gobe in kai shi gonar.

Tulunan biyu sun juya bayan wata guda. Gindi goma sha huɗun suna nan, kuma da sanyi ya zo ni da tsohon muka yi musu aski, yana tsaye a kaina don kar in maimaita ɓarnata. Sai dai abin da ke hana ni sukuni bai ƙare ba. Maganar farko ta isa Kano kafin magariba, ta biyun har yau tana hanya. Watan jiya wata mata ta tare ƙanwata a kasuwa ta tambaye ta ko kawun nan namu ya samu tuba kafin ya cika.

To, duk wanda waccan ta iso wa, ga wannan, ya karanta ya miƙa gaba. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa, ya sa aljanna ce makoma, ya yafe mana abin da muka zata. Tuluna uku ya bari. Biyun da na rufe don in kare sunansa su suka kusa kashe sunan, wanda na bari yadda hannunsa ya ɗaure shi kuwa, shi ya wanke shi.